Kada Mu Gudu Daga Sammacin Bashi

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu tsaya a kan wani al'amari da ke cin gidajenmu a ɓoye, wanda kowa ke jin nauyin faɗarsa a bainar jama'a, wato bashi, musamman idan ya kai ga an maka mutum a kotu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma duk da haka, magidanci ya gwammace a ji yana kwance asibiti da a ji masinjan kotu ya yi sallama a ƙofar gidansa.

Bari mu soma da labarin wani ɗan uwanmu mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya yarda mu ba da labarinsa ba tare da mun kama suna ba. Ya karɓi rance a wani ƙaramin banki domin ya ƙara jari, ya yi ta biya wata-wata har ya wuce rabi, sai kasuwa ta tsaya. Wata rana masinjan kotu ya zo da takarda, sai ya ce wa yara su ce ya yi tafiya Kano. Da masinjan ya dawo karo na biyu ya bar takardar, maigidan ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin katifa, ko matarsa bai gaya wa ba. Bayan 'yan watanni ya je cirar kuɗin da wani abokin ciniki ya turo masa na kaya, sai aka ce masa kotu ta sa a riƙe asusun. An yi zama, an yanke hukunci, an ɗora masa dukkan adadin da bankin ya rubuta, har da abin da ya riga ya biya, domin babu wanda ya tashi ya gaya wa alƙali cewa akwai rasit. Rasit ɗin kuwa suna nan cikin leda a shagonsa.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Wanda aka kai ƙara saboda bashi, babu abin da ya fi cutar da shi kamar ƙin zuwa kotu, kuma babu lokacin da ya fi dacewa a nemi sasantawa kamar bayan an karɓi sammaci kafin a yanke hukunci. Sai dai sasantawar da muke nufi ita ce wadda aka rubuta, aka sa hannu, aka kai gaban alƙali, ba wadda aka yi a tsaye a bakin shago ba.

Mun san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudu, kuma ba kunya ce kaɗai ba. Tun rikicin Satumbar 2001, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, da rikicin Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, 'yan kasuwarmu da dama ba su sake tsayawa da ƙafafunsu ba sai da rance. Mutumin da ya ga shagonsa ya zama toka, ya yi ta zirga-zirgar ofis-ofis bai sami abin da zai rufa wa kansa asiri ba, sannan aka yi ta wahalar da ɗansa a kan takardar shaidar asali, ba abin mamaki ba ne ya yanke ƙauna daga duk wani gini mai tuta. Sau da yawa mukan ji ana cewa, "Me zan je yi kotu, ai mu baƙi ake ɗaukarmu." Ba mu raina wannan magana ba, kuma ba mu ce kotunanmu babu jinkiri ko babu ɓata-gari a cikin ma'aikatansu ba. Amma ya kamata mu sani cewa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, bai ware ɗan asalin jiha daga wanda ba shi ba, kuma magatakardar kotu ba ya neman takardar ƙaramar hukuma kafin ya karɓi amsarka. Haƙƙi ne da ke hannunmu, mu da kanmu muke yar da shi idan muka ƙi halarta.

Wannan ciwo kuwa ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, inda mafi yawan irin waɗannan ƙararraki kan taso daga katin bashi na banki da kuɗin asibiti, cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2020 wanda ya nuna cewa a wuraren da aka duba, sama da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi masu bin bashin ne ke cinye su ba tare da an fafata ba, saboda wanda ake ƙara bai amsa ba. Ashe ko a can ma, kujerar da aka bari babu kowa ita ke kayar da mutum. Mu nan katin bashi bai yaɗu a cikinmu ba, namu shi ne rancen banki, da na ƙananan bankuna, da na manhajojin waya, da kayan da ake ɗauka a biya daga baya, amma tarkon iri ɗaya ne.

Ga yadda abin yake tafiya idan mutum ya ɓuya. Ƙin karɓar takarda ba ya tsayar da shari'a. Lauyan mai ƙara zai koma ya shaida wa alƙali cewa an neme ka ba a same ka ba, sai kotu ta ba da izinin a liƙa takardar a ƙofar gidanka ko ta shagonka, ko a buga a jarida, daga nan a wajen doka an sanar da kai ke nan. Ga shi kuma abin da kake gudu na tonon asiri ya faru, tun da duk mai wucewa zai gani. Bugu da ƙari, ƙarar bashi tana da gajeriyar hanya a manyan kotuna. Idan mai ƙara ya rantse a rubuce cewa kuɗi ne ƙayyadadde kuma ba ka da wata kariya, kwanaki kaɗan ake ba ka ka shigar da taka takardar rantsuwa mai nuna cewa kana da ja. In ba ka shigar ba, alƙali na iya yanke hukunci a zaman farko ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba.

Bayan hukunci sai aiwatarwa, a nan ne kuma ido ke raina fata. Mai bin bashi na iya neman kotu ta umarci duk bankin da kake da ajiya ya riƙe kuɗinka ya miƙa masa. Yana iya neman a kwashe kayan da ake iya ɗauka, mota, babur, janareto, kayan shago, a yi gwanjonsu, kuma kowa ya san farashin gwanjo. Idan waɗannan ba su isa ba sai ya nemi izinin babbar kotu a taɓa gida ko fili. Wanda kuwa ya jinginar da takardar gidansa a banki, nasa ya fi sauri, domin sau da yawa takardar jinginar da ya sa wa hannu ta riga ta ba bankin ikon sayarwa bayan ya ba da sanarwa, ba sai ya jira alƙali ba.

To, me za a yi ranar da takarda ta iso? A karɓe ta, a sa hannu, a rubuta kwanan watan da aka karɓa. Karɓar sammaci ba amsa laifi ba ne. A ba wanda ya iya karatun Turanci ya karanta tun daga farko har ƙarshe, a gane wace kotu ce, wane ne ya shigar da ƙarar, nawa yake nema, kuma yaushe ne zama. Sannan a tafi ofishin magatakardar wannan kotu da lambar ƙarar a tabbatar da gaske akwai ta, domin wasu masu karɓar bashi kan buga takarda mai hatimi da jan rubutu don tsoratarwa kawai, alhali wasiƙar lauya ce ko ma ba ta kowa ba. Daga nan sai lauya. Mun san abin da za a ce, wanda ya kasa biyan bashi ina ya ga kuɗin lauya. Amma kuɗin da za a ba lauya ya duba takardu ya shigar da amsa bai kai abin da za a yi asara a gwanjo ɗaya ba. Wanda ba shi da hali ko kaɗan ya tuntuɓi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofis a nan Jos, ko ba su ɗauki shari'ar ba za su nuna masa hanya.

Abu na gaba, wanda muke son a tsaya a kansa sosai, shi ne adadin kuɗin. Kada ka yarda da lambar da aka rubuta a takardar ƙara don kawai banki ne ya rubuta ta. Bashin banki kashi-kashi ne: akwai uwar kuɗi, akwai kuɗin ruwa, akwai tarar jinkiri, akwai kuma wasu caje-caje masu sunaye iri-iri. Haƙƙinka ne ka nemi cikakken bayanin asusunka tun daga ranar da aka ba ka rancen, ka ajiye shi gefe guda da takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, da duk rasit da saƙonnin waya na biyan da ka yi, a bi su layi-layi. Jadawalin caje-caje da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ya ƙayyade cewa tarar jinkiri a rancen naira kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da aka kasa biya, ban da kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya a kai. Ba kowane mai ba da rance ke tsayawa a nan ba. Idan aka ga an zarce, sai a rubuta wa bankin koke, in bai gyara ba a kai ƙorafin sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kuma wannan cajin da ya wuce ƙa'ida shi kansa hujja ce da lauya zai kafa a gaban alƙali cewa akwai abin da ya kamata a saurara.

Akwai kuma batun tsohon bashi. Doka ta ƙayyade shekarun da mai bin bashi zai iya kai ƙara a cikinsu, in sun wuce ƙofar kotu ta rufe masa, ko da yake haƙƙin yana nan a wuyan wanda ya ci tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma biyan wani abu daga ciki, ko rubuta takardar amsa bashin, na iya sa a soma ƙidayar daga farko. Saboda haka idan aka taso maka da bashin da aka shekara da shekaru ba a yi maganarsa ba, ka ga lauya kafin ka sa hannu a komai.

Yanzu sai maganar sasantawa. Mutane da yawa suna zaton banki ba ya ragi. Yana yi, don shi ma ɗan kasuwa ne. Shari'a tana cin kuɗin lauya, tana cin watanni ko shekaru, kuma hukuncin da aka samu a kan mutumin da ba shi da komai takarda ce kawai. Naira dubu ɗari biyar a hannu yau ta fi masa miliyan ɗaya da zai yi shekara uku yana bi. Abin da aka fi samun sassauci a kansa shi ne tarar jinkiri da wani ɓangare na kuɗin ruwa, uwar kuɗi kuwa da wuya a taɓa ta. Wanda ya iya haɗa wani abu mai kauri ya biya a dunƙule, ko da ta hanyar sayar da fili ko ɗaukar adashi ko gudummawar dangi, ya fi samun ragi a kan wanda zai biya kaɗan-kaɗan. A rashin tayi akan bar arha.

Sai dai a yi tayin da hankali. Kada tsoro ya sa ka yi alkawarin dubu ɗari a wata alhali ka san cinikinka ba ya ba ka fiye da arba'in bayan cefane da kuɗin makaranta. Yawancin yarjejeniyoyin sulhu suna ɗauke da sharaɗin cewa in ka saɓa sau ɗaya, duk ragin da aka yi maka ya rushe, a koma kan adadin farko. Ka zauna da iyalinka ku yi lissafi na gaskiya, ka sa watannin da kasuwa ke mutuwa a ciki, sannan ka faɗi abin da za ka iya. Wasiƙar tayin ma lauya ya kamata ya rubuta, saboda akwai alamar da ake sa wa a samanta wadda sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo irin wannan takarda a matsayin hujja a kanka idan sulhun bai yiwu ba. Kuma duk tsawon lokacin da ake tattaunawa kada a daina zuwa kotu. Mun ga wanda wani ma'aikacin banki ya ce masa, "Alhaji, ba sai ka je ba, ai muna magana," ya zauna a gida, lauyan bankin kuwa ya je ya karɓo hukunci. Abin da ya dace shi ne a je a shaida wa alƙali cewa ana neman sasantawa, a roƙi a ɗaga zama. Alƙalai suna maraba da wannan, don yana rage musu aiki.

Idan an daidaita, a rubuta komai: jimillar da aka amince, ranakun biya, asusun da za a zuba kuɗin, da kuma magana ƙarara cewa da an gama biyan wannan adadi babu sauran wani abu. A kai takardar kotu alƙali ya mayar da ita hukunci. A karanta ta da kyau kafin a sa hannu, domin hukuncin da aka yi da yardar ɓangarorin biyu ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Kada a ba wani ma'aikaci kuɗi a hannu, kada a tura asusunsa na kansa, komai sabo da shi. Da an gama, a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, a karɓo takardar gida ko ta mota da aka ajiye, a kuma nemi bankin ya gyara sunanka a wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu. In ba a yi wannan ba, ranar da ka je neman wani rancen ko ɗanka ya sa ka a matsayin mai tsaya masa, sai a ce har yanzu ana bin ka.

Muna jan kunne na musamman a kan caki. Wasu masu bin bashi kan ce ka rubuta musu caki mai kwanan wata na gaba a matsayin tabbaci. Bashi a kan kansa ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum, amma cakin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara. Da hannunka ka mayar da maganar kuɗi ta koma maganar gidan yari.

Wannan ya kawo mu ga 'yan sanda, inda aka fi cin zalin mutanenmu. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don wata rigimar da ba ta laifi ba, haka ma Dokar Gudanar Da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ta kuma hana a kama wani a madadin wani. A 2018 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa hukumar EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Duk da haka har gobe ana kai mutum caji ofis, a kira bashin da sunan zamba ko cin amana, a tsare shi har sai 'yan uwa sun kawo wani abu kuma ya sa hannu a takardar alkawari. Wanda aka yi wa haka yana da damar kai ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma kotuna sun sha ɗora diyya a kan 'yan sandan da wanda ya kira su. Ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma yana karɓar irin wannan koke. Amma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba bankuna kaɗai ke wannan ba. Mu ma idan ɗan uwanmu ya riƙe mana kuɗin kaya, caji ofis muke fara nufa. Abin da ba mu so a yi mana, bai kamata mu yi wa na ƙasa da mu ba. Ɗaurin da doka ta sani a kan bashi shi ne na wanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci, ta kira shi ta bincika, ta tabbatar yana da halin biya ya ƙi, wannan kuwa alƙali ke yin sa, ba ɗan sanda ba.

Manhajojin ba da rance ta waya, waɗanda suka fi kama matasanmu da matan aure, ba su cika zuwa kotu ba, makaminsu tozarci ne. Sukan kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da malaminsa saƙo cewa ɓarawo ne. Wannan ya saɓa wa doka. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirri, a Maris na 2022 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. A ajiye saƙonnin, a ɗauki hotonsu, a kai ƙorafi. Bashin da aka ci dai a biya shi, tozarcin da suka yi bai goge shi ba.

Wani abin da ya ba mutane mamaki shi ne ganin an cire musu kuɗi daga wani banki daban ba tare da kotu ba. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya su ɗebi kuɗi daga asusunsa na wasu bankunan, bisa izinin da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen, kuma har asusun haɗin gwiwa yana ciki. Waɗanda suka karɓi rancen tallafin korona na 2020 suna zaton kyautar gwamnati ce sun ɗanɗana wannan. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da kuɗin ruwa kawai za a ɗeba ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri, don haka wanda aka cire wa ya duba ko an tsaya a nan.

Iyayenmu mata, wannan sakin layi naku ne. Bashin miji ba bashin mata ba ne, sai in ta sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Kayan ɗakinki da iyayenki suka yi miki, keken ɗinkinki, firjin da kike sana'ar ƙanƙara da shi, ba dukiyar mijinki ba ce, kuma idan ma'aikatan kotu suka haɗa da su, doka ta ba ki dama ki shigar da da'awa cewa naki ne kafin a yi gwanjo. Rasit da shaidu su ne za su taimake ki, don haka a riƙa adana su. Kada a yi faɗa da ma'aikatan, a nemi su nuna takardar umarnin kotu, a rubuta duk abin da suka ɗauka. Haka nan idan maigida ya rasu da bashi, daga abin da ya bari ake biya kafin a raba gado, ba a bin 'ya'yansa a kan abin da suka nema da guminsu. Mai tsaya wa wani kuwa, wato garanto, ya sani cewa ba shaida ya yi ba, alkawarin biya ya ɗauka, kuma ana iya tsallake mai bashin a zo kansa kai tsaye.

Wataƙila wani ya ce muna koya wa mutane dabarun cinye haƙƙin jama'a. Ko kusa. Cikinmu masu bin bashi sun kai waɗanda ake bi yawa, duk mai shago a Kwararafa ko Farar Gada yana da littafin waɗanda suka ɗauki kaya ba su dawo ba. Malamanmu sun sha yi mana bayanin nauyin bashi a kan mamaci, da laifin mai hali da ke jan ƙafa wajen biya, kamar yadda suka yi bayanin ladar wanda ya jinkirta wa mai ƙunci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take, amma mu ne muka fi kowa cewa "ai tsakaninmu babu takarda". Game da kuɗin ruwa kuma, wanda ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar banki ba zai je babbar kotu ya ce riba haramun ce a yafe masa ba, alƙali abin da aka rubuta zai bi. Wurin neman a sauke ruwan shi ne teburin sulhu. Masu ba da zakka a cikinmu su ma su tuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata, kuma galibi ba ya cikin masu layi a ƙofar gida.

Shi kuwa ɗan uwan namu mai kayan gyaran mota, daga ƙarshe ya fito da takardar daga ƙarƙashin katifa ya gaya wa yayansa. Lauyan da suka samu ya nemi kotu ta janye hukuncin da aka yi a bayan idonsa, abin da doka ta yarda da shi idan an hanzarta kuma aka kawo dalili mai ƙarfi, amma ba kullum ake dacewa ba. Kafin a saurari wannan buƙata, da bankin ya ga ledar rasit, sai ya yarda a zauna. An cire abin da ya riga ya biya, an sauke tarar jinkiri, an raba sauran wata goma sha biyu, alƙali ya sa hannu. Kuɗin abokin cinikinsa da aka riƙe sai da suka yi wata biyu kafin a sake su, kuma wannan abokin ciniki bai sake sayen kaya a wurinsa ba.